IDAN BIRKIN BAYA YA CIJE: DARASI A KAN TSOHUWAR MOTAR KAYA

Dogon hutun makarantu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba. A waɗannan makonni motocin kaya da yawa na makarantu da na ikilisiyoyi da na manoma suna tsaye wuri ɗaya, an ja musu hambirki, ruwa yana dukansu. Ranar da bukata ta taso, za a ɗauko itace ko masara ko a kai marar lafiya asibiti, sai inji ya tashi lafiya lau, a sa giya, mota ta yunƙura amma ta ƙi motsi. Ƙafar baya ta cije.

Abin da mutane suka saba yi a nan shi ne su ƙara wuta, ko su nemo tarakta ta fizge motar. Sau da yawa ƙarshen wannan shi ne kuloci ya ƙone, ko shaf ya karye, ko kuwa abin da ya fi muni, birki ya saki a ido amma ya lalace a ciki, ba wanda ya sani sai an kai gangara da mutane a bayan mota. A wannan darasi za mu duba yadda birkin baya yake aiki, da abin da ke sa shi cijewa, da yadda za mu kwance shi bi da bi ba tare da mun yi ɓarna ko mun ji ciwo ba. Misalanmu za su fi shafar motocin da muka saba gani, wato akori-kura ta Peugeot 404 da 504, da Toyota Hilux da Dyna, da Land Rover, da tsofaffin Bedford. Yawancinsu birkin ganga ne a ƙafafunsu na baya.

YADDA BIRKIN GANGA YAKE AIKI

Birkin ganga tsohuwar dabara ce. Wani Bafaranshe mai ƙera motoci, Louis Renault, shi ne aka fi jingina wa irin wanda muke gani yau, tun shekarar 1902. Da fari da sanduna da wayoyi ake jansa. Daga baya wani mutumin Amurka, Malcolm Loughead, ya fito da hanyar matse shi da mai, kuma a shekarar 1921 aka fara sayar da mota ƙirar Duesenberg mai irin wannan birki a ƙafa huɗu.

Ganga, wadda makanikai ke ce wa durom, kamar akushi take, da ƙarfen zubi aka yi ta, tana juyawa tare da taya. A bayanta akwai faranti da aka ɗaure a jikin aksil, shi ba ya juyawa. A kan farantin nan aka zaunar da ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata, ana ce musu takalma ko shu. Kowane an manna masa ko an kafe masa lainin, wato fatar da ke gogar ganga. A tsakanin kawunan takalman akwai ƙaramar silinda mai fistin biyu. Sai sufirin masu dawo da takalma, da 'yan ƙusoshi biyu masu riƙe su a jikin faranti, da abin saiti mai rage tazara idan lainin ya ci, da kuma hannun da wayar hambirki take ja.

Sa'ad da direba ya taka feda, babbar silinda da ke gaba, wato masta, tana tura mai ta cikin bututu. Ɗaliban kimiyya za su tuna da ƙa'idar Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, cewa matsin da aka ɗora wa ruwa a rufaffen mazubi yana isa kowane sashe daidai wa daida. A misali, idan ƙafa ta danna da nauyin kilo 20, dogon hannun feda ya ninka shi sau 5, fistin na masta zai sami kilo 100. In faɗin fuskarsa murabba'in santimita 4 ne, kowane murabba'i yana ɗauke da kilo 25. Fistin na ƙafar baya mai murabba'i 5 zai tura takalmi da kilo 125. Ga yadda ƙafar mutum ɗaya take tsayar da mota.

Gogayyar nan kuwa zafi take zama. Motar da nauyinta da kayanta ya kai tan 3, tana gudun kilomita 60 a awa, in ta tsaya cik birkinta zai sha zafi wajen jul 417,000. Wannan ya isa ya kai ruwa fiye da lita guda ga tafasa. Mu riƙe wannan lissafi, gama shi zai nuna mana haɗarin tafiya da birkin da bai saki sosai ba.

Abu na ƙarshe da za mu lura da shi shi ne tazarar da ke tsakanin lainin da ganga ba ta kai milimita guda ba. Tsatsa kaɗan ta isa ta cike ta.

ABIN DA KE SA SHI CIJEWA

Na farko, tsatsa tsakanin lainin da ganga. Ƙarfen zubi yana saurin tsatsa in ya sami laima da iska, tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci ɗaukar wuri. Idan aka ajiye mota da hambirki a jaye bayan an ratsa rafi ko an wanke ta, lainin yana manne da jiƙaƙƙiyar ganga har tsatsa ta haɗe su kamar an sa gam. Wannan shi ne dalilin da aka fi samu, shi ne kuma mafi sauƙin magani.

Na biyu, wayar hambirki. Tana tafiya ne a cikin kube a ƙarƙashin mota inda laka take zama. In ruwa ya shiga kuben, direba zai sauke hannun birki a gaba amma wayar ba za ta koma ba.

Na uku, fistin na ƙaramar silinda. Man birki yana shan laima daga iska a hankali. Ruwan yana taruwa a silinda ya ci bangonta, fistin ya fita ya kasa komawa.

Na huɗu, tiyon roba da ke kai mai daga jikin mota zuwa aksil. In ya tsufa yakan ruɓe daga ciki alhali wajensa lafiya. Ƙarfin ƙafa yana iya tura mai ya wuce, amma sufirin ba su da ƙarfin mayar da shi. Haka ma yake faruwa in ɗan ramin da mai ke komawa ta cikinsa a masta ya toshe.

Na biyar, wani abu ya karye a ciki. Lainin yakan ɓalle daga takalmi, ko sufirin ya tsinke, guntun ya maƙale tsakanin takalmi da ganga.

Akwai kuma abu biyu da ba su hana taya juyawa amma suna hana ganga fita: tsatsar da ta haɗe ta da cibiyar aksil, da kuma leɓen da ke tasowa a bakinta ta ciki, wurin da lainin bai taɓa goga ba.

KAFIN MU TAƁA KOMAI

Wannan sashe ya fi sauran duka muhimmanci. Mu tuna cewa ainihin aikin da za mu yi shi ne raba mota da abin da ke riƙe da ita. Da zarar birki ya saki, in akwai gangara mota za ta tafi.

1. A sauke kaya duka. A tabbata ƙasa a miƙe take kuma da tauri.
2. A sa waji gaba da bayan tayoyin gaba biyu. Katako mai kauri ya fi dutse, domin dutse yana zamewa.
3. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai. Bayan an ɗaga, lalle a tokare aksil da matokarin ƙarfe ko gumagumai masu faɗi da aka jera a kwance. Bulon siminti yana farfashewa ba gargaɗi, kada a yi amfani da shi. Tayar da aka cire a tura ta ƙarƙashin shasi.
4. Kada mutum ya yi aikin shi kaɗai, kada kuma kowa ya zauna a cikin mota sa'ad da take a ɗage. A zare makulli.
5. A kare ido da tabarau lokacin bugun guduma, gama ɓarɓashin tsatsa yana tsalle.

Masu Land Rover da Dyna da makamantansu su lura da wannan: a yawancinsu hambirki ba a ƙafar baya yake ba, wata ƙaramar ganga ce a bayan giyabos mai riƙe farfela. In aka ɗaga ƙafar baya ɗaya, wannan hambirki ba ya riƙe mota ko kaɗan. Waji ne kaɗai mai tsaronmu.

Kayan da za mu tanada su ne jak, da matokari, da sifanar taya, da guduma mai nauyin kilo ɗaya ko ɗaya da rabi, da guntun katako mai tauri, da sukuddireba biyu, siririya da mai faɗi, da filaya, da buroshin waya, da samfefa, da man fesawa mai narkar da tsatsa, da tocila, da sabon man birki irin wanda aka rubuta a murfin masta.

GANO INDA MATSALAR TAKE

Likita ba ya yanka kafin ya auna. A ɗaga bayan mota, a tokare, a sauke hambirki, a mayar da giya firi, sa'an nan a juya kowace taya da hannu. Lalle giya ta kasance firi, domin in tana ciki kuma ƙafa ɗaya ta cije, ɗayar ma ba za ta juya ba, sai mu zarge ta a banza.

In ƙafa biyu ne suka cije, mu fara zargin abin da suka yi tarayya a kai, wato wayar hambirki, da tiyon roba, da masta. In ɗaya ce, zargi ya koma kan tsatsa, ko ƙaramar silinda, ko abin da ya karye. In taya tana ɗan motsawa gaba da baya sa'an nan ta tsaya da ƙara, wani guntu ne ya maƙale. In kuwa tana girgiza sama da ƙasa, ko an ji tana gurnani kafin a ajiye motar, mai yiwuwa boris ne ya mutu, birki ba shi da laifi.

MATAKAN KWANCEWA

Ƙa'idarmu ita ce mu fara da mai sauƙi, kada mu tsallaka zuwa na gaba sai na baya ya gaza.

Mataki na 1: wayar hambirki. A leƙa ƙarƙashi da tocila, wani ya ja hannun birki ya sauke. In wayar ba ta motsi, ko ta tsaya a miƙe tamau bayan an sauke, a fesa mata mai a bakin kube, a jira minti goma, a ɗan bubbuga, a ja ta baya da filaya. In ta ƙi, a kwance ta daga wurin da ta rabu biyu. Wayar da ta taɓa cijewa za ta sake, saboda haka sabuwa za a sa.

Mataki na 2: girgiza mota. In wayar ta saki kuma muna zaton tsatsa ce, a sauke mota ƙasa, a janye waji kamar taƙi biyu daga taya, ƙwararren direba ya shiga. Ya sa ribas, ya saki kuloci a hankali har mota ta yunƙura, ya danne, ya sa giya ta ɗaya ya yi haka nan. A tafiyar gaba juyawar ganga tana ƙara cusa takalmin gaba a jikinta, a tafiyar baya kuwa tana sassauta shi. In tsatsa ta karye za a ji ƙara kamar an fasa kwalba. Sau huɗu ko biyar ya isa. In an ji ƙaurin kuloci, ko taya tana jan ƙasa, a tsaya.

Mataki na 3: guduma. A sassauta notocin taya tun tana ƙasa. Mu lura cewa a wasu manyan motoci notocin gefen hagu baibai suke kwancewa, ana kuwa buga musu harafin L a kai. Mutane da yawa sun karya ƙusa don rashin sanin wannan. A ɗaga, a tokare, a cire taya, a mayar da notoci a kan ƙusoshinsu domin kada guduma ta ɓata zaren. A bugi fuskar ganga a tsakanin ƙusoshi da ƙarfi, ana zagayawa. Sa'an nan a ɗora katako a gefenta, daidai inda takalma suke, gaba da baya, a buga. Girgizar ce take karya tsatsa. Kada a bugi bakin ganga, gama ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Kada kuma a bugi faranti ko a ɓamɓare shi da ƙarfe, domin in ya karkace takalma ba za su sake zama daidai ba. Bayan kowane zagaye a mayar da taya da noti biyu, a kama ta hannu biyu a murɗa. Faɗin taya yana ba mu ƙarfin da ganga kaɗai ba za ta bayar ba.

Mataki na 4: gwajin mai. A bayan faranti, kusa da inda bututu ya shiga, akwai ɗan famfon da ake fitar da iska. A goge shi, a fesa masa mai, a sa masa siririn tiyo zuwa cikin kwalba, a buɗe shi rubu'in juyi da sifanar da ta yi masa daidai. Yana da saurin karyewa, a bi shi sannu. In mai ya yi tsartuwa taya kuma ta saki nan take, to, matsi ne ya maƙale, laifin na tiyo ne ko masta. In ya ɗiga kawai taya tana nan a cije, matsalar tana cikin ganga. A rufe famfon. Man birki yana cin fenti, yana kuma cutar ido.

Mataki na 5: sassauta saiti. A jikin faranti akwai ɗan rami mai toshiyar roba. A cire ta a haska. Za a ga noti mai haƙora kamar tauraro. A sa sukuddireba mai faɗi a tura haƙoran ɗaya ɗaya. A motocin da ke saita kansu akwai wani harshen ƙarfe da ke hana tauraron komawa baya, sai a tura shi gefe da siririyar sukuddireba a riƙe, a juya da ɗayar. Wajen juyawa ya bambanta daga mota zuwa mota, har ma daga hagu zuwa dama, don haka in muka ji yana ƙara tauri mun san mun bi baibai ne. A ƙirga haƙoran da aka juya domin ranar mayarwa. Tsofaffin motocin Ingila kamar Land Rover da Bedford sukan zo da kan noti a bayan faranti wanda ake juyawa da sifana kai tsaye. A wasu kuma ramin yana fuskar ganga ne.

Mataki na 6: zare ganga. A cire ƙananan sukurorin da ke riƙe ta, in akwai. A kankare tsatsar da ke zagaye da cibiya da buroshin waya, a fesa mai a wurin kaɗai, a bar shi ya shiga. Gangar motoci da yawa, musamman na Japan, tana da ramuka biyu masu zare a fuskarta, galibi na milimita 8. A ɗaura bol biyu a ciki, a riƙa juya su rabin juyi rabin juyi, wannan sa'an nan wancan, su za su turo gangar waje. In ta fito kaɗan tana lilo kamar roba tana jan ta, leɓen nan ne ya kama takalma. A tsaya a koma mataki na 5, domin in aka ci gaba da ƙarfi za a lanƙwasa takalma a fasa silinda.

In cibiya ce ta ƙi, ɗan zafi yana taimako, gama ƙarfe yana buɗewa da zafi. A gasa fuskar ganga kewaye da cibiya kaɗan kaɗan. Kada ta yi ja, kada a watsa mata ruwa, kada wuta ta kusanci tankin mai ko tiyo ko man da aka fesa. Daɗai kada a kai wuta kusa da rim mai taya a jiki, domin taya tana iya fashewa ta kashe mutum ko bayan an kashe wutar. Wannan aikin makaniki ne, ba na ɗalibi ba.

Mataki na 7: dabarar ƙarshe. Kawunan 'yan ƙusoshin nan biyu masu riƙe takalma suna leƙowa a bayan faranti. In aka yanke su, aka kwance bututu da bol na silinda, ganga takan fito tare da takalman. Sai an tanadi sababbin ƙusoshi kafin a yi haka.

A manyan motoci masu taya bibbiyu a baya, ganga takan kasance haɗe da cibiya, sai an zare shaf an kwance manyan notocin boris. Nauyinta ya fi ƙarfin mutum ɗaya, saitin boris kuma yana bukatar gwani. Wannan a kai shi gareji.

BAYAN GANGA TA FITA

Ƙurar da za mu tarar a ciki ba ƙurar hanya ba ce. Shekaru da yawa ana yin lainin da wani ma'adini mai suna asbesto, wanda zarensa in ya shiga huhu yana kawo ciwon daji bayan shekaru ashirin ko fiye. Ƙasashe da dama sun haramta shi, amma tsohuwar mota ko lainin marar suna yana iya ƙunsarsa. Kada a hura da baki ko da iskar famfo. A rufe hanci, a jiƙa wurin da ruwan sabulu, a goge da tsumma, a ƙulle tsumman a leda a binne.

A yi gefe ɗaya a gama kafin a wargaza ɗayan, domin ya zama abin dubawa. Mai waya ya ɗauki hoto kafin ya cire sufirin ko ɗaya. Kada kowa ya taka feda sa'ad da ganga take waje, in ba haka ba fistin zai faɗo.

Lainin da ya rage ƙasa da milimita ɗaya da rabi, ko ya tsage, ko ya soma ɗagowa, ko ya sha mai, a canja shi. Ana canja na hagu da na dama tare, domin in ƙarfinsu ya bambanta mota za ta karkace a lokacin birki. In baƙin mai ne ya jiƙa shi, sil na aksil ya mutu, sai an gyara shi tukuna. A ɗaga robar da ke bakin silinda. In akwai danshi ko tsatsa, a sa sabuwar silinda. Kada a wanke robobin birki da fetur ko kananzir, suna kumbura su. Da man birki ake wanke su.

A rataye ganga a ƙwanƙwasa. Lafiyayya tana amo kamar ƙararrawa, tsagaggiya kuwa muryarta a dushe take. A jikin yawancin ganguna an rubuta iyakar faɗin da cikinta zai kai, in ta wuce shi ta gama aiki. A goge tsatsa da samfefa, a rage leɓen bakin. A kwance abin saiti a wanke zarensa. A shafa giris mai jure zafi kaɗan a wurare shida da takalma ke zamewa a jikin faranti, uku kowane gefe. Ko ɗigo kada ya taɓa lainin ko cikin ganga.

Bayan an haɗa, a juya tauraro har taya ta soma kamawa, sa'an nan a koma baya kaɗan har ta juya da ɗan shafa. In an buɗe bututu, a fitar da iska, a fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, ana ƙara mai kada mazubin ya ƙafe. Feda ta tsaya da tauri. In tana nutsewa kamar soso, akwai sauran iska. A ɗaure notocin taya a gicciye, a sake duba su bayan tafiyar kilomita 50.

MOTOCI MASU BIRKIN ISKA

Tirela da manyan motoci na zamani hanyarsu dabam ce. A cikin tulun birkin baya akwai ƙaton sufirin wanda shi ne ke matse birki, iska ce take janye shi. Saboda haka in iska ta zube a lokacin ajiya, ƙafa za ta cije ko da babu tsatsa ko kaɗan. A tayar da inji a bar agogon iska ya hau wajen lamba 7 ko 8, a saurari inda take yoyo. Akwai bol na musamman da ake ɗaure sufirin da shi in za a ja mota, amma daga lokacin nan motar ba ta da birkin ajiya, waji ne kawai. Kada kowa ya kwance ɗamarar tulun nan. Ƙarfin sufirin ɗin ya kusa tan guda, ya kuwa hallaka makanikai.

GWAJI

Ba a ɗaukar kaya ko mutane sai an gwada. A fili marar jama'a a yi tafiya kamar ta mai keke, a taka birki sau goma. A ƙara gudu kaɗan, a duba ko tana karkata. A gwada hambirki a ƙaramin tudu. Bayan kilomita biyu ko uku a tsaya, a kai bayan hannu kusa da kowace ganga ba tare da an taɓa ba. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi, ba ta saki sosai ba. Birkin da ke ja yana tara zafi har mai ya tafasa. Sabon mai DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma wanda ya sha laima yana iya tafasa a 140. Tururi kuwa yana matsuwa, sai feda ta tafi ƙasa ba komai. Wanda ya san gangaren da ke saukowa daga tudun Jos ya san ma'anar wannan.

RIGAKAFI

Ba a fafe gora ranar tafiya. In za a ajiye mota fiye da mako guda, a nemi wuri miƙaƙƙe mai rufi, a sa waji, a bar ta a giya, a sauke hambirki. Bayan ratsa ruwa ko wanki, a yi 'yar tafiya ana taɓa birki a hankali har ya bushe kafin a ajiye. A lokacin hutu a sa wani ya motsa ta gaba da baya kowane mako ko biyu. A canja man birki duk shekara biyu, daga gwangwanin da ba a buɗe ba. A buɗe ganguna sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya sauka. Masu birkin iska su zubar da ruwan tanki kowace rana. Kuɗin waɗannan duka bai kai na kuloci ɗaya ba, balle ran mutum.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Faɗi sassa shida na birkin ganga da aikin kowane.
2. In ƙafafun baya biyu suka cije tare, waɗanne abubuwa uku za mu fara zargi, don me?
3. Me gwajin ɗan famfon iska yake nuna mana?
4. Don me hambirkin Land Rover ba ya riƙe ta in an ɗaga ƙafar baya ɗaya?
5. Motar tan 3 ta tsaya daga gudun kilomita 30 a awa. Lissafa zafin da birkinta ya sha, ka gwada shi da na kilomita 60. Me wannan ya koya mana game da gudu?